Matacin Yaya Tsahara

Na yi muku alkawari zan kawo shi ku gani da idonku, ga shi na dawo daga ƙauye hannu rabbana. Kai Nasiru, daina leƙen jakata, ƙuli-ƙuli ne kawai a ciki da garin kuka. Ku ɗan kashe kekunan ɗinkin nan naku na wuta, ku matso, in gaya muku dalilin da ya sa tsofaffin kasuwar Tasawa har yau suke kirana Tela Buhu, sunan da kuke yi wa dariya in na ba da baya. Ina jin ku sarai, gwiwa ce ta tsufa, kunne yana nan. Na kuma ji kun ce wai ɗinkin mataci ba ɗinki ba ne, ƙyalle ne a zagaye shi da zare, ko da ido rufe kwa yi. To, ku zauna.

Aikin farko da Maigida Ila, wanda ya koya mini ɗinki, ya ba ni ƙubakar wando ce. Ba wandon ba, ƙubakar kaɗai, inda zariya take shiga. Na daɗe a kanta har na fara tsammanin ya manta akwai sauran wando a ƙasa. Kekensa baƙi ne mai ƙafa, igiyarsa ta fata ce, in ta tsinke a tsakar aiki kai za ka ɗinke ta da hannu yana tsaye a kanka. Almakashinsa kuwa ko kallonsa ka yi da yawa sai ya tambaye ka me kake nema. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai taɓa duba wajen aiki ba. Ka goge riga da dutsen guga na gawayi, ka miƙa masa tana sheƙi, sai ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da farcen babban yatsa. Inda farcen ya tsaya, nan za ka warware. Yakan ce mai riga zai duba waje da kansa, shi ciki ne ruwansa.

Da na buɗe nawa shagon, suna ya fita. Ba yabon kai ba ne, ku tambaya. Uwar amarya daga Mayahi, daga Gidan Amumune, takan ƙulle shaddarta a ɗankwali ta shigo motar kasuwa ta ce a kai ta wurin Lawali mai fure. Furen zare nake yi a wuyan riga, ja da kore da ruwan ɗorawa, ba ni da wayar salula balle hoton da zan kwaikwaya, daga kaina yake fitowa. In salla ta matso, mata sukan zauna a kan bencina su hana iska shiga, kowace tana rantsuwa ita ta fara kawo yadi.

Ku da kuka tashi kuka tarar da ruwan pompo ba ku san kurkunu ba, Allah kuma kada ya nuna muku. Tsutsa ce fara, siririya, doguwa kamar zaren aikin babbar riga. A ruwan tabki ake shan ta, cikin wasu 'yan ƙwari da ido ba ya kamawa. Ka sha bana, ka manta, ka ci kaka da rani lafiya lau. Sai damina ta zagayo, daidai lokacin da hatsi yake jiran noman firi, ƙafa ta yi bororo, ta ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi, kan tsutsar ya leƙo. Ba a fizgar ta. A jikin ɗan kara ake naɗe ta kaɗan-kaɗan, kullum abin da ta yarda ta bayar, in kuwa ta tsinke a ciki, ƙafa ta zama turmi. Ba ta cika kisa ba. Kwantar da mutum take yi, yana ji yana gani ciyawa ta cinye masa gona.

Wata rana majon likitar garin nan, wato babban ma'aikacin jinya, ya shigo shagona da ƙunshin wani farin yadi. Ya ce daga ƙetaren teku aka aiko shi, wai wasu mutane can, waɗanda ko a mafarki ba su taɓa shan ruwan tabki ba, sun ɗaura ɗamarar sai sun ga bayan tsutsar nan a duniya baki ɗaya. Ya ce idon yadin ya fi ƙwaron ƙanƙanta, ruwa ya wuce, ƙwaro ya tsaya. Abin da ya rage a ɗinka shi ya hau bakin randa. Na dubi yadin, na yi irin dariyar da kuka yi kwanan baya. Na ce masa ya dawo da la'asar.

La'asar ta yi, ko ɗaya ban gama ba. Yadin nan ba ya jin magana. Ka shimfiɗa shi ya zame, ka yanka da almakashi bakin ya warware yana bin ka. Sai da na koyi yanka shi da wuƙa mai zafi, in tura ta cikin gawayin dutsen guga in ja, bakin ya narke ya manne. Allura kuma sai 'yar mitsitsiya, domin babba tana barin huda, kuma hudar da kai ba ka gani ba, a wurin ƙwaron nan ƙofar gari ce. Sannan ga bakin randa. Matan da ke ginin randa ba su taɓa riƙe metir na awo ba, kowace randa da bakin da Allah ya ba ta. Na yini a wurinsu da igiya ina aunawa, suna tambayata ko kayan salla zan ɗinka wa randunan. A hanyar dawowa na tuna da Maigida Ila. Na zagaye yadin da gefen farin alawayyo, na yi masa ƙubaka, na zura zariya. Randa babba ko ƙarama, ka ja zariya ta kama. Ashe duk shekarun nan wandon randa ake koya mini.

Majo ya gani ya ji daɗi, amma ya ce da saura.

"Bon, Lawali, abin nan yana da sama da ƙasa. In mace ta tace yau da wannan fuska, gobe ta kife ta tace da waccan, ta wanke ƙwarin jiya cikin randa ke nan. Ka yi masa alama a sama."

Ka ce wa tela ya yi alama, ga zare ja da kore a gabansa, me kake tsammani? Na dasa ɗan fure a gefen alawayyon, mai ganye biyu. Majo ya ɗaga shi a rana ya ce ko a Yamai ba za a yi wanda ya fi shi ba. Aka ɗinka tuli, aka loda a mota, aka raba ƙauye-ƙauye.

Ɗaya na ware na yi masa fure har zagaye, na kai wa yayata Tsahara da kaina. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goye ni. Tana aure a wani ƙauye bayan Atantane, inda rijiya take da zurfin da sai an ɗaura wa sa igiya ya ja guga, don haka da ruwan sama ya sauka kowa sai tabki. Mijinta Shaibu abokin wasana ne, tun ranar da ya zo neman aurenta bai bar ni na huta ba. Na nuna mata yadda ake ɗaurawa, fure a sama, a zuba ruwa a hankali, a wanke nesa da randa. Ta karɓa da hannu biyu tana shafawa.

"Lawali, kai ka yi wanga da hannunka?"

"Ni na yi, Yaya. Duk ruwan da za a sha a gidan nan, ta nan zai bi."

"To, to. Allah shi yi albarka."

Na san wannan "to, to" ɗin tun ina goye a bayanta, amma ranar yabo ya toshe mini kunne.

Damina ta gaba ita ce muguwar shekara. Wani mai sayar da kanwa ya kawo mini saƙo cewa Shaibu yana kwance, kurkunu ya kama shi ƙafa biyu. Na hau motar kasuwa zuwa Mayahi, na ƙarasa a amalanke. Tun daga bakin gari na ga abin da ake ciki, hatsi ya tsiro da kyau amma ciyawa ta shige masa gaba, gona bayan gona ba mai hauya. Na tarar da Shaibu a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, kowace ƙafa da ɗan karanta ɗaure da tsumma. Babban ɗansu yana gefe, shi ma haka. Da ya gan ni sai ya washe baki.

"Tela, ka zo da keke? Ga zare nan ya hito kyauta, ba sai ka saya ba."

Muka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Ya jawo ni kusa ya rage murya.

"Bana rumbu ba ya ganin komi. Dangi za su ɗauke mu shekara guda, ba za su ɗauki biyu ba. In baɗi ta zo haka, gonar ubana ta hi ƙarhina. Sai mu bar ta mu tahi kudu, ni dako, yayarka wanke-wanke a gidan mutane."

Na shiga ɗaki gaida Yaya. Tana zaune ta miƙe ƙafa, ita ma da nata a idon sawu. Ina ɗaga kai sai na gan shi. Matacina ne a bango, bisa jeren kwanoninta na aure, an baza shi fes, ko ɗigon ruwa bai taɓa sani ba, furanni suna kallon ƙofa. Na leƙa bakin randa, wani tsohon kallabi ne a kai, wanda in ka ɗaga shi kana iya gane mutum ta ciki.

"Yaya, mi wanga yake yi a bango?"

"Ina kake so shi zauna?"

"Don tace ruwa na kawo shi!"

"Ruwan tabki? Wanda shanu ke shiga har gwiwa? Abin da ɗan'uwana ya ɗinka da hannunshi, ya yi mashi hure, in tsoma cikin laka? Ban haukace ba. Wanga na ajiya ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Na fita na zaga gari, kuma duk gidan da na shiga labarin ɗaya ne. Nan an rufe rediyo da shi, can an lulluɓe fuskar jariri saboda ƙuda. A ɗakin wata amarya na tarar da su reras a bango, gwaggonninta da innoninta kowace ta ba da nata gudunmawa. Ba wai ba su yarda da maganar likita ba ne, sun yarda. Amma kun san halinmu. Abu in ya yi kyau ba a mora, ajiyewa ake yi. Tabarmar baƙi tana naɗe mu muna zaune a kan yagaggiya, kwanon kirki yana jere muna ci a mai tsatsa. Su a ganinsu, zuba wa wannan abu ruwan tabki rashin ta-ido ne.

Ga shi kuma damina ba ta ƙare ba. Ruwan da ake sha a ranar nan shi ne zai faɗi ko Shaibu zai yi noma baɗi ko zai yi dako. Na koma Tasawa ko shayi ban tsaya sha ba.

Mataci mummuna na zauna ɗinkawa, kuma a nan ne nake so ku buɗe kunne. Kuna tsammani muni sauƙi gare shi? Hannun da ya saba miƙe layi ba ya yarda ya karkace, sai ka yi ta kokawa da shi. Na cire alawayyo, na yanko tsohon buhun hatsi na yi gefe da shi. Ƙubaka na yi ta da ƙafar wani wandon kaki da mai shi ya gudu ya bari. A waje na bi da baƙin zare mai kauri, ina tafiya ina karkata shi da gangan. Alamar sama kuwa, maimakon fure, na manna wani baƙin ƙyalle kamar facin tayar keke. Amma ta ciki, inda farin yadin ya haɗu da buhu, na ninka sau biyu na bi da ƙaramar allura, ɗinki a jikin ɗinki, yadda ko numfashi ba zai ratsa ba. In ka yi sake a nan, ka tashi da muni kawai, ba mataci.

Na juya ƙauye da shi. Yaya ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

"Lawali, lahiyarka ƙalau? Ko hatsari kuka yi a hanya?"

"Lahiya lau, Yaya. Shi ake yayi yanzu."

"Wanga ko jaki aka shimfiɗa ma sai ya yi tutsu. Kada wani ya gan shi cikin ɗakina a ce ɗan'uwana ya yi. Hita da shi. Kai shi can bakin randa, can ya dace da shi."

Ban bari ta sake tunani ba. Na fita na ɗaura, na ja zariya, na sa aka juye ruwan randa aka sake tacewa. Shaibu yana kwance yana dariya har yana riƙe ƙafa don zafi, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga aikin Tela Buhu!" To kun ji inda sunan ya fito.

Majo da ya ji labari ya ce daga yau duk haka za a ɗinka. Aka sake lodawa, aka bi ƙauyukan Mayahi da na Tasawa, kuma duk inda aka miƙa sai an tambayi wane tela ne ya yi wannan ɗanyen aiki. Masu rabo ba su iya ƙarya ba. Kafin kaka, bencina ya fara samun iska. Wata hajiya daga Gidan Amumune ta zo da kanta ta karɓi shaddar ɗiyarta tun ban sa mata almakashi ba.

"Ba don komi ba ne, Malam Lawali," in ji ta, tana kallon ƙasa. "Mun dai ga aikinka na yanzu. Allah shi ba ka lahiya."

Wannan ta yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Sallar shekarar nan wandunan tsofaffi kawai na ɗinka, su da ba su damu da fure ba muddin zariya ta shiga.

Ɗaya na ɗauka na kai wa Maigida Ila. Lokacin ya tsufa, ido ya tafi, yana zaune a zaurensa. Ya laluba buhun, ya laluba facin, ya ce, "Subhanallahi." Sannan ya juya cikin waje, ya ɗora farce. Na tsaya kamar ranar da na fara zuwa shagonsa. Farcen ya tafi a hankali, ya zagaye, ya dawo inda ya fara bai tsaya ko'ina ba. Ya miƙo mini.

"Wa ya ce ka lalace? Tahi ka ci gaba."

Riga, ranar salla ake sanin ta yi ko ba ta yi ba. Mataci sai shekara ta zagayo. Rani ya wuce, ruwa ya sauka, aka yi shuka, ba saƙo daga ƙauye. Na kasa sanin ko shirun na alheri ne. Da noman firi ya kama na rufe shago na tafi. Na shiga garin da hantsi, tsit, ko kare bai yi haushi ba. Na yi sallama a gidan Yaya ba amsa. Rumfa ba kowa, tabarma a naɗe, ɗaki a rufe. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, sun tafi kudu ko sallama ba su iya yi mini ba. Na zauna a kan turmi. A nan idona ya kai kan randa. Buhuna yana ɗaure a bakinta, ya yi baƙi ya ƙara muni, kuma a jiƙe yake. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan darni.

"Kai kuma wa kake nema a gida war haka da damina? Mutane na gona."

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Na hango su daga nesa, Shaibu a gaba da hauya, ɗansa a baya, Yaya tana tafe da ƙwaryar fura a ka, tana taku da ƙafa biyu. Shaibu ya naɗe wando har gwiwa, ba komai a ƙafafun sai tabon bara. Ya dogara da hauya ya ƙwala mini kira.

"Tela Buhu! Bana ba zare, sai dai ka saya!"

Kada ku fita ku ce na ce ni na kashe kurkunu. An haƙa rijiyoyi, an kafa pompo, an zuba magani a tabkuna, an sa masu hana mai ciwo tsoma ƙafa a ruwan sha. Mutane da yawa sun yi wahala a kai, na nan da na nesa. Yanzu a ƙasarmu sai labari, ina ji a rediyo ana cewa saura wurare kaɗan, irin su Cadi, can ma ana bin sa. Ni dai ƙubaka na yi. Amare ma sun dawo daga baya, don mace tana iya yafe wa tela komai in salla ta matso. Sunan ne kawai ya ƙi tafiya.

Shi ne makon jiya na ce bari in je in ɗauko muku ɗaya ku gwada da farcenku, don nawa duk sun ƙare, na Yaya kaɗai na san yana nan. Shaibu ya riga mu gidan gaskiya, a garinsu, a ɗakinsa, jikokinsa ne ke noman gonar yanzu. Na tarar da matar jikan Yaya a tsakar gida tana tace gasarar koko da wani ƙyalle duk ya rine. Na duba da kyau, sai ga furannina a gefe, ja da kore sun koɗe. Na shiga ɗaki. Yaya tana zaune a bakin gado, ta tsufa tukuf, baki dai yana nan. Na ɗaga kai. Bisa jeren kwanoni, daidai inda mai furen yake a da, buhuna ne a baje, an wanke shi tas, facin taya yana kallon ƙofa. Na miƙa hannu.

"Yaya, ara mini wanga in nuna ma yaran shago."

"Sauke hannunka."

"Ke hwa kika ce ko jaki ba ya yarda da shi."

"Na ce, kuma ban canza magana ba, har yanzu mummuna ne." Ta dube shi, ta dube ni, ta gyara kallabinta. "Amma ba inda za shi. Wanga na ajiya ne."